Hoton Karkara: Inda Za Ka Tsaya da Lokacin da Za Ka Zo



Yau ƙauye za mu je. Abin da ya ja ni ga zancen kuwa, wani ƙorafi ne da nake yawan ji daga bakin matasa masu sha'awar hoto. Mutum zai ce maka ya je gida lokacin kaka, ya tsaya a bakin gonar mahaifinsa da yamma, ya ga abin da ya cika masa ido. Dawa ta sunkuyar da kai, ga kuka can nesa, ga shanu suna dawowa daga kiwo ƙura na tashi a bayansu. Ya zaro waya ko kyamara ya ɗauka. Da ya duba sai ya tarar da wani abu shimfiɗe ba armashi, sama fari fat, ƙasa duhu, kukar nan ta koma ɗan ɗigo. Sai ya ɗora wa na'urar laifi, ya ce da zai samu mai tsada da an ga aiki.

Ban musa ba, wata kyamarar ta fi wata. Amma cikin hotunan da ake nuna mini, da wuya in ga wanda kuɗi ne zai gyara shi. Matsalar a wani wuri take. Idon ɗan Adam yana zaɓe, kyamara kuwa ba ta zaɓe. Lokacin da kake kallon kukar nan, zuciyarka ta riga ta zubar da turken lantarki da ledar da ta maƙale a jikin shinge, ta kuma matso maka da kukar kusa. Ga iska tana kaɗa ka, ga ƙamshin karan da aka yanke, ga kukan maruƙa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai shiga hoto. Kyamara tana kwashe duk abin da ke gabanta ne, ta ba leda matsayi ɗaya da kuka. Zaɓen da ido ya yi maka a ɓagas, dole kai ka yi wa kyamara shi da ƙafarka da haƙurinka.

Saboda haka kafin ka ɗaga ta, tambayi kanka: me ya tsayar da ni a nan? In amsarka ita ce komai da komai, ba ka shirya ba tukuna. Nemi abu guda. In kukar ce, to hoton na kuka ne, sauran kaya kuma 'yan rakiya. Daga nan sai ka yi tafiya. Matsa dama, matsa hagu, hau tudu, gangara kwari, ka ga inda turken lantarkin zai ɓuya a bayan wata bishiya, ka ga inda rassan kukar za su fita sarai a jikin sama ba su cakuɗe da duhun wasu itatuwa ba. Taku goma kan sauya hoto fiye da yadda sabon gilashin kyamara zai sauya shi.

Ƙasarmu mafi yawanta shimfiɗaɗɗiya ce, kuma wannan ne ya sa hoton karkara a wajenmu ya fi wuya a kan na masu tsaunuka. In ka tsaya a miƙe ka ɗauki fili daga tsayin idonka, layi biyu kawai za ka samu, na sama da na ƙasa. Maganin abin shi ne ka samar wa hoton gaba da tsakiya da baya. Nemi wani abu kusa da kai ka sa shi a gaba: damin gero da aka jingine, garma da aka kifa a bakin gona, tushen kara, tulu a bakin rijiya, dutse mai gansakuka. Durƙusa, kai ko da zaman dirshan ne, har abin ya cika ƙasan hoton. A tsakiya sai gonar da rumbuna, can baya kuma kuka ko dutse ko hadari. Idon mai kallo zai taka daga na kusa zuwa na nesa, a nan ne zai ji zurfin wurin kamar yana tsaye a ciki.

Manomi ma ya yi maka rabin aikin bai sani ba. Kunyoyin da ya ja a gona layuka ne miƙaƙƙu. In ka tsaya suna gilmawa a gabanka, shinge suke zama, su tare ido. In kuwa ka zagaya ka tsaya a bakinsu suna tafiya daga ƙafarka zuwa nesa, sai su ja idon mai kallo har inda suka tsuke. Haka burtali yake yi, haka 'yar turbar da ke ratsa gona zuwa rafi, haka jerin giginya a bakin fadama. Ka dai lura da inda layin ya nufa. In ya kai ido ga kukar, madalla. In ya fitar da shi waje ta kusurwar hoto, sake matsayi.

Akwai wata ƙa'ida da kusan kowane mai koyon hoto ya taɓa ji, ta raba fuskar hoto gida uku a tsaye, gida uku a kwance, a ajiye abu mai muhimmanci a kan layukan ko inda suka haɗu. Ta girmi kyamara. Wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, shi ya rubuta ta a 1797, a littafinsa kan zanen karkara. Amfaninta a wurinmu shi ne tana tilasta maka yanke shawara. In sama ce ke da labari, hadari ya haɗo ko gajimare ya yi ja, ba ta kashi biyu ka bar wa ƙasa ɗaya. In sama fayau take ba komai, kamar yadda take yawan kasancewa da rani, rage ta ta zama ɗan siriri a can bisa, ka cika hoton da ƙasa. Ni dai ban ɗauke ta farilla ba. Ka je bakin ruwa irin na Tiga da sassafe, ruwa ya kwanta lif, bishiyoyi sun fito a cikinsa kamar madubi, raba hoton biyu daidai shi ya fi kyau. Abin da ba na yafewa shi ne karkataccen layi. Inda sama ta haɗu da ƙasa ya zama a miƙe, domin ruwan da ya karkata a hoto kamar zai zube yake.

Sai batun girma. Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, in ka ɗauke shi shi kaɗai, mai kallo ba zai san ko tsauni ne ko dutsen niƙa ba. Sa mutum a kan keke ko jaki da kaya a gindinsa, nan take girmansa zai bayyana. Haka Kufena a gefen Zariya, haka duwatsun Riyom a Filato. Kafin ka danna kuma, zagaya da idonka gefuna huɗu na hoton. A nan rabin akuya da reshen da ya leƙo suke laɓewa.



Masu sauraro, har yanzu muna kan hoton karkara. Mun san inda za mu tsaya, saura yaushe za mu zo.

Da rana tsaka haske daga bisa yake saukowa, inuwar kowane abu tana ƙarƙashinsa, kunya da kwari duk su baje su zama ɗaya. Da sassafe ko da la'asar sakaliya kuwa, haske a kwance yake zuwa, ya shafi gefen kowace kunya da kowace zangarniya, ya bar ɗaya gefen a inuwa. Wannan inuwar ita ke fito da siffar ƙasa. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa wannan kyakkyawan haske yana kai awa guda. A can gaskiya ne, domin rana a karkace take faɗuwa. Mu kuwa muna kusa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen digiri 12 ne arewa, rana kusan a tsaye take fitowa, a tsaye take faɗawa. Abin da muke samu bai fi rabin awa ba. Don haka wurin da za ka ɗauka da safe, tun jiya za ka je ka duba shi, ka san ta ina rana za ta ɓullo. Da ka idar da sallar asuba ka kama hanya, ka kafa kayanka tun gari bai waye sosai ba.

Labarin wani shahararren mai hoto na Amurka, Ansel Adams, ya nuna yadda lokacin yake da ƙuruciya. A ƙarshen 1941 yana tafe a mota da yamma a jihar New Mexico, sai ya hangi wani ƙauye mai suna Hernandez, wata ya fito a bisansa, rana mai faɗuwa tana haska fararen alamomin maƙabartar garin. Ya tsaya ya kafa kyamara, ya nemi na'urar awon haske ya rasa. Da yake ya san ƙarfin hasken wata da ka, da shi ya yi lissafi ya ɗauka. Kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu, hasken ya bar maƙabartar. Guda ɗayan nan yana cikin hotunan da suka fi shahara a duniya. Abin da ya cece shi sanin saitinsa ne tun kafin buƙata ta taso, to bari mu shiga saitin.

Abubuwa uku ke riƙe da hasken hoto, kamar duwatsun murhu. In ka gusar da ɗaya, sai ka gyara wani, in ba haka ba tukunya ta karkace.

Na farko wata 'yar ƙofa ce a cikin gilashin kyamara, tana buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar idon kyanwa. Masu sana'a suna ce mata afaca, lambarta kuma da harafin f take zuwa. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, in lambar ta girma ƙofar tsukewa take yi. A f/2.8 a buɗe take sosai, abu ɗaya ne zai fito tas, bayansa ya narke. Wannan shi masu hoton biki suka saba da shi, kuma ya dace da fuskar amarya. Amma mai ɗaukar gona yana son damin da ke gabansa da kukar da ke nesa duk su fito, saboda haka f/8 ko f/11 ne gidansa. Kada ka ce bari ka tsuke ta har f/22 don ka ƙara samun kaifi. In ramin ya yi ƙanƙanta ainun, haske yana bazuwa a bakinsa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Za ka ji cewa Adams da abokansa sun kafa ƙungiya a 1932 suka sa mata suna f/64. Su da manyan kyamarori masu faffaɗan fim suke aiki, lambarsu ba ta ƙaramar kyamararka ba ce.

Tare da wannan akwai inda za ka sa kyamara ta kafa ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saita ta can kan dutse mafi nisa, sai na gaba ya dusashe. Ga misali da gilashin da yawancin kyamarori ke zuwa da shi, mai lamba 18 zuwa 55. In ka bar shi a 18, ka sa f/8, ka saita idon a kan abin da ke nesa da kai kamar mita 3, to daga abin da ya ɗara mita ɗaya kaɗan har iyakar ganinka duk zai fito.

Na biyu shi ne ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. In da hannu kake riƙe da ita, kada ƙiftawar ta yi ƙasa da lambar gilashinka: gilashi mai 50, aƙalla 1/50 na daƙiƙa, in ma ka ninka zuwa 1/100 ya fi aminci. Da asuba haske bai kai haka ba, shi ya sa ake son abin kafa kyamara mai ƙafa uku. Wanda bai da shi kada ya karaya. Cika 'yar jaka ko safa da gero ko wake, ka ɗora a kan dutse ko sirdin babur, ka kwantar da kyamarar a kai. Sannan ka sa mata jinkirin daƙiƙa 2, yadda za ta ɗauka bayan ka janye hannunka.

Na uku shi ne ISO, ƙarfin jin haske. Bar shi a 100 muddin hali ya yi. Yana hawa, hoton yana yin tsaki-tsaki, musamman a wuraren duhu.

Ga yadda ukun ke aiki tare. Ka kafa kyamara da safe a f/11, ISO 100, ta ba ka ƙiftawar 1/30. Sai iska ta taso, gero ya shiga rausaya, a 1/30 kuwa zai fito a goge. Kana buƙatar 1/250. Daga 1/30 zuwa 1/60, zuwa 1/125, zuwa 1/250, ka rage haske rabi-rabi har sau uku, dole ka biya bashin nan. Ɗaga ISO daga 100 zuwa 400, ka biya biyu. Buɗe ƙofa daga f/11 zuwa f/8, ka biya na uku. Hasken hoton bai sauya ba, amma gero ya tsaya cak. Wanda lissafin ya yi wa yawa, ya juya kyamararsa zuwa harafin A, ko Av a wasu. Kai ka zaɓi ƙofa da ISO, ita ta zaɓi ƙiftawa, kai dai ka riƙa sa ido a kan lambar da ta ba ka.

Sauran damuwar ita ce farar sama da baƙar ƙasa da muka faro da su. Ido yana iya ganin haske mai ƙarfi da inuwa mai duhu a lokaci guda, kyamara ba ta kai shi ba. In dole ka zaɓa, ceci sama. Wurin da ya ƙone ya yi fari fat ba ya dawowa, amma inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta, musamman in ka ɗauka a tsarin RAW maimakon JPEG. Kada ka yarda da abin da allon kyamara ke nuna maka a cikin rana. Kunna ɗan zanen nan mai kama da tsauni da ake kira histogiram. In ya je ya jingina da bangon dama, sama ta ƙone, sai ka rage da maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi. Launi kuma, cire shi daga na kai-tsaye ka sa a alamar rana ko ta gajimare, domin in ka bar wa kyamara, jan hasken da ka yi sammako dominsa za ta ɗauka kuskure ne ta wanke shi.

Mai waya, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, duk wannan ya shafe ku. Ƙofar yawancin wayoyi ba ta motsi, amma sauran yana hannunku. Goge gilashin da gefen riga mai laushi, kunna layukan raba allo, taɓa wuri mai haske a allon sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Kada ka buɗa hoto da yatsu biyu don matso da nesa, galibi yanka shi kawai wayar ke yi. Taka ka matsa.

Kowane lokaci na shekara da irin halinsa. Da hunturu mutane kan ajiye kyamara su ce hazo ya ɓata komai, ni kuwa ina ganin lokacin yana da kyan da babu irinsa. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana jera nesa hawa-hawa: bishiyar kusa baƙa, ta bayanta toka-toka, ta can baya kamar inuwa. Da dogon gilashi za ka tara su wuri guda. Sai dai farin hazo yana ruɗin kyamara ta rage haske, hoton ya fito da datti-datti, don haka ƙara mata kamar mataki ɗaya. Kuma kada ka kuskura ka cire gilashi a fili cikin wannan ƙura. Yi a ɗaki, ko a cikin mota a rufe.

Damina kuwa ita ce sarauniya. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa. In ya haɗo da la'asar, rana tana yamma a bayanka, za ka ga shuka ta yi kore shar tana ƙyalli a gaban sama baƙa ƙirin. Mintuna kaɗan abin yake yi. In bakan gizo zai fito, a wannan ɓangaren zai fito, kishiyar rana. Filta mai kashe ƙyalli tana ƙara wa ganye da sama launi, ta fi kuma aiki in rana tana gefen kafaɗarka. Amma ina roƙonku, da kun ji tsawa ta matso ku tattara. Tsayuwa a kan tudu da ƙarfe mai ƙafa uku, ko fakewa a gindin bishiya tilo a fili, ganganci ne da rai.

Gonar da kake ɗauka kuma tana da mai ita. In ka shiga ƙauyen da ba naka ba, fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma tambayi inda ake zuwa da inda ba a zuwa, domin halin tsaro a wasu yankunanmu ya sa baƙo mai kyamara abin tuhuma ne. In ka tarar da dattijo yana aiki, ka ce, sannu da aiki Baba, ko ka yarda in ɗauki gonar nan da kai a ciki? In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, nuna masa abin da ka ɗauka, in da hali ka wanko ka kawo masa. Matan aure a bakin rijiya ko ruga ba a ɗaukarsu sai da izini. Shingen jami'an tsaro da barikoki kuwa, ko kusa kada ka nuna su da kyamara.

Ga aikin da zan bar ku da shi. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Nijar, manoma sun shafe shekaru tun wajen 1980 da wani abu suna barin tohon itatuwa ya girma a gonakinsu, gawo na gaba-gaba. Duniya ba ta gane girman aikin ba sai da masu bincike suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 suka jera su da na bayan shekara ta 2000, suka ga gonakin da dā suke tsirara sun cika da bishiyoyi, a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Kai ma nemi gawo guda a bayan garinku. Ka san halinsa: da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi ganye, shi zubar da nasa yake yi, da rani kuma ya yi kore shi kaɗai. Zaɓi inda za ka tsaya, ka ajiye dutse a wurin don shaida, ka rubuta saitin da ka yi amfani da shi da ƙarfe nawa ne. Ɗauke shi da kaka, ka dawo da hunturu, ka dawo da bazara, ka dawo a tsakiyar marka, kullum daga kan dutsen nan, kullum a wannan lokaci na safiya. In shekara ta zagayo, jera hotunan huɗu ka aiko mana mu gani.